Shekarar da Na Yi wa Gwanda Kwalli

Gwandar nan da ke bayan tsohon ɗakina, wadda duk Dutsin-Ma ke kira gwandar Alhaji Sule, ba ta Alhaji Sule ba ce. Bai shuka ta ba, bai taɓa ba ta ko moɗa ɗaya ta ruwa ba. Abin da ya taɓa kawo mata a duniya gatari ne. Tawa ce. Ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarku Binta na ji da kunnena ɗaya daga cikinku yana gaya wa baƙi wai Baba Alhaji ne ya zo da irin daga Makka. Na yi shiru don ranar farin ciki ce, ba don ban ji ba. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ban riƙe shi da komai ba. Amma mutuwa ba ta mai da ƙarya gaskiya. Ga yadda aka yi, ku karanta, wanda bai iya ba a karanta mashi.

Irin daga Jos ya zo, cikin battar taba, a aljihun mahaifina. Mutumin Wurma ne ta ƙasar Kurfi. Yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin kuza, da ƙirjinsa ya gaza sai aka mai da shi ban ruwa a lambun wani Bature. Can ya ci wannan ɗan itace sau ɗaya tak, wanda ya faɗo ya fashe har mai lambu ya ce a zubar. Ya tsotse ƙwallayen ya ɓoye. Ya dawo gida da tari da wannan batta, ba shi da wani abu. Ranar da za a kawo ni gidan babanku ya kira ni, ya ce ba shi da tasa ko kwalla da zai ƙara mani, ya sa mani battar a hannu.

"Rabi, na ci wani abu a Jos wanda in ba Aljanna ba ban san inda ake cin irinsa ba. Ki shuka. Abu biyu na gani a wurin masu ita. Ba ta son rana ta dube ta ido da ido. Kuma ba ta nuna a jikin uwarta. In korenta ya fara kwaɗewa a tsinke, a binne cikin ƙaiƙayi, a yi haƙuri."

Tara na shuka, uku suka rayu. Na sa su bayan ɗaki inda dutse yake yi masu inuwa tun daga azahar, na karkato masu da ruwan alwala da na wanke-wanke. Baba bai ga ko furensu ba, damina biyu bayan aurena tari ya tafi da shi. A shekara ta huɗu suka yi fure, wani ɗan kore mai leɓe uku, yana rataye kansa ƙasa, ƙamshinsa kamar ayaba ta nuna. Na yi murna har na yi sadakar waina. Furen ya bushe ya zube, babu ɗa ko ɗaya. Shekara ta biyar haka, ta shida haka. Surukata, Inna, uwar su babanku, ita ta fara yanke hukunci. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta dubi furen da ya rufe ƙasa.

"Ke Rabi, wahalar banza kike. Maza ne. Duk ukun maza ne. Ba ki ga namijin gwanda ba? Fure kamar amarya, haihuwa babu."

Kowa ya yarda, domin kowa ya san gwandarmu ta gida: akwai mace, akwai namiji, namiji kuwa sarewa ake yi. Ni ma a raina na fara yarda. Bakina ne kawai bai yarda ba.

A lokacin gyaɗa ce sarauniya. Wan babanku, Yaya Sule, bai je Makka ba tukuna, shi ne babban gida, yana saya wa kamfani gyaɗa. Buhuna sun cika zaure, sun cika soro, har babanku da kekensa na ɗinki sun koma lungu. Yaya ya ce sito zai gina, ya duba duk gidan bai ga fili ba sai bayan ɗakina. Bai gaya mani ba, kuma ba a sa ran ya gaya mani. Ku 'yan yanzu ba ku san yadda matar ƙane take da wan miji ba. Shekara bakwai ina gidan ban taɓa sanin launin ƙwayar idonsa ba. In na ji gyaran muryarsa sai in durƙusa in kau da kai, in gaishe shi ina kallon bango. Aka buga tubali aka jera a rana, ina gani ina tsammanin katanga za a gyara. Sai wata safiya ina daka na ji sara. Sara ɗaya. Tabon yana nan jikin ta tsakiya, ku je ku shafa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai ga kaina na jingina bayana da itacen, taɓarya a hannuna, mai gatari ya ja da baya. Yaya Sule na tsaye, babanku na bayansa, Inna ta fito da carbi.

"Yaya, ba za a sare ba."

Yaya bai dube ni ba, ya juya wurin ƙanensa.

"Idi, da wa matarka take magana?"

"Da kai nake, Yaya," na ce. "Malam bai shuka ba. Ni na shuka."

Inna ta saki salati. Babanku ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Yaya ya dube ni, ranar na ga idonsa, ashe ja ne.

"Namiji ne, ko makaho ya sani. Shekara nawa yana yi maki fure? Don namijin itace zan bar gyaɗar mutane a waje ruwa ya duke ta?"

"A ba ni damina ɗaya."

"In ba ta haihu ba fa?"

"A sare."

"A'a. Ba a sare ba. In kaka ta yi ban ga ɗa ba, ke za ki ɗauko gatarin da hannunki ki miƙa, gaban kowa, kamar yadda kika tsaya gaban kowa yau."

"Na yarda."

Wallahi a lokacin ban san abin da zan yi ba. Bakina ne ya riga hankalina, kamar yadda ya saba. Kuma ba ni kaɗai na biya ba. Kafin azahar Yaya ya aiko ya ce tun da babu sito, lungun da keken ɗinki yake ma gyaɗa za a zuba. Babanku ya ɗauki kekensa a ka, mutum mai kunya wanda ko tari ba ya yi da ƙarfi, ya ratsa gari ya kafa shi ƙarƙashin tsamiya a bakin kasuwa. A nan ya yi bazara, a nan ya yi damina, in hadari ya taso ya rufe keke da tabarma ya tsugunna kusa da shi. Inna ta yi wata guda ba ta cin tuwon da na tuƙa. Da babanku ya dawo ran farko na kai mashi ruwa, ya sha, ya daɗe yana kallon moɗar.

"Rabi, kin ɗora mani kaya."

"Na sani, Malam."

"To. Allah ya sa ta haihu."

Iyakar faɗan da ya yi mani ke nan. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Matan unguwa suka kawo magunguna, kuma ba zan ɓoye maku ba, duk na yi. Na buga wa itacen ƙusa. Na rataya mashi tsohon takalmi. Na binne kan akuya a gindinsa, na zuba mashi rubutu. Wata ta ce in zage shi da sassafe kafin in yi magana da kowa, na zage shi tas, har uwarsa ta Jos. Ina cikin wannan hauka ayarin Azbin ya sauka a zango, wata Buzuwa mai suna Hadijatu ta shigo gidan da tallan kanwa da dabino. Ta ga takalmi a reshe ta tambaya, Inna ta ba ta labari da daɗin baki don a yi mani dariya. Buzuwa ta yi dariyar, amma ba ni ta yi wa ba.

"Ku Hausawa! Itace bai haihu ba sai ku ce namiji. Mu can dabino ko mace ce, in ba a yi mata aure ba haka za ta tsufa."

"Aure kuma?" in ji Inna. "Da sadaki?"

"Da hannu, tsohuwa. Mutum ya hau namiji ya yanko furensa, akwai wani gari a ciki. Ya hau mace ya kaɗa mata, ya ɗaure. Wanda ya bar wa iska aikin nan ba ya cin dabino. Iska ba ta da amana."

Na ajiye abin da ke hannuna.

"To ni ina zan samo mata miji? Jos?"

"Wannan kuma ke ta shafa. Kanwa za ki saya ko kuwa in wuce?"

Na sayi kanwar da ba na bukata. Maganarta ta zauna mani a rai kamar tsakuwa a takalmi. Ashe mai yiwuwa ba maza ba ne, 'yan mata ne da ba a zo neman aurensu ba. Amma duk ukun furensu iri ɗaya ne, ban ga wanda zan kira miji ba.

Da bazara ta yi nisa na tafi Wurma gaida mahaifiyata. Daga kasuwar Kurfi a ƙasa na taka, zafi ya sa na raɓe gindin wata gwandar daji, irin wadda muke ci muna yara in mun je itace. Tana fure. Na tsinko ɗaya don wasa, sai na ga leɓensa uku ne masu kauri kamar na tawa. Na murje ganyen na sansana, ƙamshin gida ɗaya. Ashe dangi ne. Na buɗe furen da farce, sai ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe suna fitowa, jikinsu fari fat da gari kamar matan da suka kwana niƙa. Na bi ɗaya da ido, ya tashi ya shige wani furen. Na zauna a ƙasa daɓas. Babu mai yi wa gwandar daji aure, amma kowace shekara tana haihuwa, ashe tana da 'yan aikenta. Na tuna shekara uku ina share furen tawa ban taɓa ganin ƙwaro ko ɗaya a ciki ba. Baƙuwa ce, ƙwarin garin nan ba su san ta ba. Kwana uku na ce zan yi a Wurma, ɗaya na yi. Mahaifiyata ta ce ko yaji na yi aka biyo ni.

Na tarar furen farko ya buɗe. Na kaɗa wanda ya buɗe sosai a tafin hannuna, ga gari kuwa ya zubo, ɗan kaɗan, kamar abin da ke saura a gefen faifai. Na yi ta ɗiba ina zuba wa 'yan'uwansa da suka buɗe, domin su ne masu sauƙin shiga. Kwana goma ina yi. Duk suka zube, ko ɗaya bai tsaya ba. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, ba na ɓoyewa, sannan na wanke fuska na fito na ce to, tun da ban san halinta ba, bari in zauna in koya, kamar yadda amarya take koyon halin gida.

Na zaɓi toho ɗaya na ɗaura mashi zare, na sa mashi ido. Ina daka ina leƙawa, ina tuƙi ina leƙawa. Da safe ya ɗan buɗe baki kaɗan, kamar ɗan tsako mai jin ƙishirwa. Na raba leɓen a hankali na leƙa: can ciki akwai wani ɗan dunƙule yana sheƙi, na taɓa da tsinke, yana da danƙo kamar zuma, gari kuwa babu. Washegari bayan la'asar ya buɗe gaba ɗaya, gari yana zuba, amma ɗan dunƙulen ya bushe ƙayau. Na sake da wani toho, haka. Na sake da na uku, haka. Sai na gane abin da ya hana ni cin gwanda shekara uku. Kowane fure yau mace ne, gobe namiji. Sa'ad da garin zai zo, mai karɓarsa ta riga ta rufe ƙofa. Ni kuma kwana goma ina kai wa maza gari. Inna ba ta yi ƙarya duka ba, rabin gaskiya ta gani, domin ita da yamma take zagayawa bayan ɗaki.

Saura abin ɗiba da abin sakawa. Garin ba shi da yawa, iska kaɗan ta kwashe shi, bakin furen kuma ƙanƙane ne. Tsinke yana yi mashi rauni, auduga tana cinye garin. Sai idona ya faɗa kan tandun kwallina, na fata, mai ɗan ƙaramin baki da marfi. Na juye kwallin a tsumma, na wanke tandun na shanya. Na fige gashin zabuwa ɗaya na rage shi da aska har ya yi siriri. Bayan la'asar in bi furannin da suka buɗe in kaɗa garinsu cikin tandu, in toshe, in sa ƙarƙashin randa inda yake da sanyi. Da na idar da sallar asuba gari ya yi haske, in bi masu ɗan buɗe baki, in raba leɓe da yatsa biyu, in tsoma gashi a tandu in shafa a ciki sau uku, kamar yadda ake sa wa jariri kwalli. A haka Inna ta same ni, ina kan turmi na miƙe, tandu a hannu.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani! Yau ga matar da ke yi wa itace kwalli! Rabi, in kin gama sai ki sa mata lalle, mu kira makaɗa."

"In ta haihu ke za ki yi wankan jego, Inna."

Ta yi tsaki, amma na ga ta juya tana danne dariya. Kafin sati labari ya gama unguwa. In na fita ɗibar ruwa sai in ji ana cewa ga mai kwalliyar gwanda nan. Wasu suka ce aljanun dutse ne suka shafe ni. Na ce su faɗa, baki nasu ne.

Abin da ya dame ni shi ne mantuwa. Furanni da yawa, ban san wanda na yi wa da safe ba, da wanda na gwada da yamma, da wanda ban taɓa ba. Ban iya rubutu ba, ko alif. Sai na ce wa babanku ina son guntayen zare kala uku. Bai tambaye ni na mene ne ba. Kullum in ya dawo daga gindin tsamiya sai ya zaro su daga aljihu ya ajiye mani a kan faifai, ya wuce alwala. Ja na safe, baƙi na yamma, fari na wanda na bari don in ga ikon Allah. Wannan shi ne littafina na farko, a reshe na rubuta shi. Ruwa ya sauka, iska ta yi laushi. Masu farin zare suka zube duka. Masu baƙi, biyu suka tsaya. Masu ja kuwa, leɓen ya bushe ya faɗi amma gindin ya ƙi faɗuwa, ya kumbura, ya zama wani ɗan kore kamar kan yatsa. Ban gaya wa kowa ba, tsoron baki nake. Inna ce ta gano da kanta, na ji ta tana ƙirgawa a hankali.

"Goma sha tara," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ki ɗaure akuyar nan taki. In ta matso nan sai na karya mata ƙafa."

Daga ranar matar da ta ce na haukace ta kai tabarmarta gindin gwanda, da carbi a hannu ɗaya da sanda a ɗaya. Tsuntsaye da jemagu suka fara kawo ziyara, babanku ya ɗinka wa kowane ɗa 'yar jaka da ragowar ƙyalle. Itatuwan suka koma kamar an yi masu ɗinkin salla, wannan atamfa, wancan shadda.

Kaka ta yi. Tubalin Yaya Sule da damina ta narkar ya koma tudun laka, kullum ya wuce sai ya dube shi. Ran wata Litinin ya shigo bayan ɗaki da mai gatarinsa, bai ko yi sallama ba. Na kwance jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Ga su nan, kowane ya kai dunƙulen hannun namiji, kore, jikinsa kamar an bi ɗanyen tulu an danna mashi yatsa ko'ina. Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa hannu ya fizge mafi girma, ya goge a riga, ya gatsa. Na ji ƙarar haƙorinsa. Ya tofar.

"Haihuwa ta haihu, amma dutse ta haifa. Ɗanyen rogo ya fi wannan. Don abin da akuya ba ta ci aka narkar mani da tubali?"

"Yaya, alkawari haihuwa ne."

"Alkawari abin da za a ci ne."

"Ba ta nuna a jikin uwarta. A ba ni kwana huɗu."

"Kullum a ba ki. An ba ki. Juma'a in an sauko."

Na tsinki huɗu waɗanda korensu ya fara kwaɗewa, na binne su cikin ƙaiƙayi a tsohuwar tukunya, na rufe da faifai. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske, domin ku sani, ni ban taɓa cin abin nan ba. Ban taɓa ganin wanda ya ci ba sai mutum ɗaya, shi ma yana kabari. Mutum mai yunwa a baƙon wuri, komai ya ci zai ce Aljanna ne. In Baba ya yi ƙari fa? Talata dutse. Laraba dutse. Alhamis na danna na ji kamar ya ɗan saurare ni, kamar kuma zuciyata ce. Juma'a da hantsi na sa yatsa, sai ya lotsa a hankali kamar kumatun jariri. Inna ta ce in fasa ɗaya mu ɗanɗana tukuna, in babu daɗi a san dabara. Na ce a'a. In Baba ya yi gaskiya, a ji ta gaban mutane. In bai yi ba, ni ma in ji tare da kowa.

Aka sauko daga masallaci zaure ya cika, abokan cinikin Yaya da maƙwabta, har da malamin gona na gunduma da ya zo maganar irin gyaɗa. Na sa uku a ƙwarya na rufe, babanku ya ɗauka. Na tsaya bayan bango, Inna na riƙe da zanena. Na ji an buɗe faifai. Na ji Yaya ya ce, "Ga dutsen matar Idi, kowa ya kiyayi haƙorinsa," aka yi dariya. Daga nan shiru. Sai na ji wani ɗan ƙara, ƙwal, an tofa ƙwallo a tasa. Ƙwal. Ƙwal, ƙwal. Babu mai magana, sai ƙwallaye ke zuba kamar farkon ruwan sama a kan kwano. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi." Can sai muryar Yaya, ta yi ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Idi. Akwai saura?"

Na san ba a so mace ta ɗaga murya zaure ya ji. Na ɗaga.

"Akwai, Yaya. A haɗo da gatarin?"

Zauren ya fashe da dariya, har da masu tari. Inna ta rangaɗa guɗa a kunnena, tsohuwa da ita, kamar an kawo amarya. Yaya bai sake maganar sito a bayan ɗakina ba har ya koma ga Allah. A bakin kasuwa ya gina shi. Kafin wata Juma'ar keken babanku ya dawo zaure, ba a lungu ba, a bakin ƙofa inda haske yake.

Ta huɗun ni da Inna muka raba a gindin itacen. Da hannu ta rabe, cikinta fari kamar kindirmo, ƙwallaye baƙaƙe suna sheƙi. Na sa a baki. Kamar an dama ayaba da zuma cikin nono mai sanyi, da wani ɗan tsami can ƙarshe da ke sa ka nemi ƙari. Na ce, Baba, ba ka yi ƙari ba, ragewa ma ka yi. Inna ta ba ni gefen mayafinta na share ido, ta ce in ci in daina jiƙa abinci da hawaye.

Washegari malamin gona ya dawo ya ce sai ya ga itacen. Baƙo namiji zai shigo, mata muka shiga ɗaka. Ta taga na ji yana cewa a littafinsu sunanta carimoya, itacen ƙasar tudu ce mai sanyi, bai taɓa jin ta haihu a ƙasa mai zafi irin tamu ba. Ya tambayi mai gida yaya aka yi. Yaya Sule ya yi gyaran murya ya ce, "Taki da addu'a." Malamin ya rubuta. Ya ga zaren ja a rassa, aka ce mashi wasan mata ne. Ya roƙi ƙwallaye ya kai gonar gwaji, suka shuka, suka zuba taki, na tabbata sun yi addu'a. Shekara shida suna sharar fure, sai da suka aiko neman mai kwalliyar gwanda.

Bayan 'yan makonni ya aiko da takardar yabo mai hatimi, Yaya ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a zaure. Ni kuwa murna ta cika ni. In maza sun fita na je shara sai in tsaya gabanta in yi ta kallon baƙaƙen nan, ina cewa ɗaya daga cikinsu ni ce. Har na zaɓi wani mai doguwar wutsiya na ce shi ne Rabi. Babanku ya yi ajin yaƙi da jahilci na maza, yana karanta boko. Wata rana bayan la'asar na tarar da shi shi kaɗai a kan keke, na ce ya zo.

"Malam, nuna mani sunana."

Ya tashi ya zo. Ya ɗaga yatsa, ya bi layi na farko, ya bi na biyu, yatsan ya tsaya a iska. Mutumin nan bai iya ƙarya ba ko ta wasa.

"Rabi, babu."

"Wannan mai wutsiyar fa?"

"Gwanda ke nan."

"To karanta mani duka."

Ya karanta. An yaba wa Malam Sule, manomi mai himma, wanda ya shuka ya kuma raini sabon itace a Dutsin-Ma. Ban yi ihu ba, ku da kuka san ni za ku yi mamaki. Na dai tsaya ina kallon takardar. Wata guda ina yi mata murmushi tana zagina ban sani ba. Na raba leɓen fure na ga abin da ke cikinsa, amma ga abu a buɗe a bango, na kasa gani.

"Ajin matan nan da ake yi a gidan mai unguwa," na ce, "yaushe suke zama?"

"Da hantsi. Amma Rabi, 'ya'yanki uku. Yaya zai ce..."

"Yaya ya ce namiji ne."

Ya dube ni, ya koma kan kekensa ya buɗe ɗan akwatin da yake ajiye allura. Ya ɗauko guntun fensirin da yake zana wuyan riga da shi, ya fere shi da aska, ya miƙo mani.

Da gari ya waye na yi wa itatuwana ban ruwa, na bar wa Inna tukunya a wuta, na goya Binta. Na ɗauki gwanda ɗaya da ta nuna na sa a ƙwarya, fensir a ƙullin zane, na fita ta zaure, ta gaban takardar, Yaya na zaune yana auna gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na wuce. A gidan mai unguwa na tarar da mata a kan tabarma, mafi yawansu ƙannen bayana ne. Malamar ta ce in zauna a baya, yau baƙi na biyar suke, sai in bi a hankali. Na ajiye mata ƙwaryar a gabanta na buɗe faifai.

"Malama, ki ci wannan tukuna. In kin gama, ki nuna mani yadda ake rubuta sunan wadda ta shuka ta."